Na'ura a Matsayin Ɗan Aike: Wa Zai Koya Mata Lokacin Bahaushe?

Gabatarwa

A hutun damina da ya gabata na koma gida Utai, tsohon garin nan na Joɓawa da ke cikin ƙasar Wudil, sai na iske kawuna idonsa na dama ya yi hazo, har ta kai idan rana ta yi sanyi ba ya iya rarrabe shanunsa da na maƙwabta. An riga an duba shi a ɗakin shan magani, an kuma ba shi takarda zuwa wani babban asibiti a birnin Kano. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, ni aka ɗora wa nauyin rakiya. Muka yi sammako bayan sallar asuba, muka biyo ta Wudil, muka haye gada, muka shafe kimanin kilomita 40 ɗin nan da ke tsakanin Wudil da birni, muka isa da hantsi. Muna zaune a kan benci har azahar ta kusa, sa'an nan wani ma'aikaci ya leƙo ya shaida mana cewa masu duba ido sun sauya ranarsu tun makonni biyu da suka wuce, saboda haka mu dawo Talata ta sama. Kawu bai ce uffan ba sai da muka shiga motar komawa, sa'an nan ya dubi wayar da ke hannuna ya ce, "Kai ɗan nan, ashe duk danne-dannen nan da kuke yi dare da rana, babu mai iya gaya mana kada mu taso?"

Wannan tambaya ita ce mafarin wannan maƙala, amsarta kuwa ita ce akwai. A yau akwai dabarar da ake haɗa manhajar bincike ta intanet da manhajar tsayar da ranar ganawa, ta yadda na'ura za ta nemo wa mutum wurin da ake biyan bukatarsa, ta duba ranar da ake da sarari, ta kama masa wuri, idan kuma an sauya rana ta sanar da shi tun yana gida. Ra'ayina shi ne mu karɓi wannan dabara hannu bibbiyu, amma da sanin cewa ba za ta amfani mutumin Utai ba sai ta san yadda Bahaushe yake ƙidayar lokaci da yadda yake ɗaukar alkawari. Koyar da ita wannan kuwa ba aikin masana kwamfuta ba ne su kaɗai. Aiki ne da ya hau kanmu, mu ɗaliban Hausa da malamanmu.

Yadda dabarar take aiki

Kafin a yi nisa ya kamata a fayyace abin da ake magana a kai, domin kada mai karatu ya ɗauka wani siddabaru ne. Abubuwa uku ne aka ɗaure wuri guda. Na farko shi ne manhajar bincike, irin Google, wadda ake rubuta mata tambaya ta kawo amsa daga abin da mutane suka wallafa a intanet. Na biyu shi ne manhajar tsayar da rana, watau littafin alkawari na cikin na'ura, wanda ofis ko asibiti ko malami yake nuna lokutan da yake da sarari, mai bukata ya zaɓi ɗaya, nan take a rufe wannan gurbi kada wani ya sake ɗauka. Daga cikin irin waɗannan akwai Google Calendar da ta fito a 2006, da Calendly wadda Tope Awotona, haifaffen Legas, ya kafa a birnin Atlanta na Amurka a 2013. Na uku shi ne igiyar da ke ɗaure biyun, wadda zan kira sarƙar aiki. Kowace manhaja tana da wata ƙofa da masu ita suke bari domin wata manhajar ta miƙo mata saƙo ko ta karɓa daga gare ta. Sarƙar aiki ita ce take bi ta waɗannan ƙofofi bisa umarnin da aka tsara mata tun farko, umarnin kuwa ba ya wuce cewa idan kaza ya faru, a yi kaza. Kamfanonin da suka shahara a wannan fage sun haɗa da IFTTT, da Zapier wanda aka fara a 2011 a jihar Missouri ta Amurka, da n8n wanda ya fito daga Berlin a 2019.

Bari mu ɗora wannan a kan larurar kawu. Ma'aikacin lafiya a Utai ya shigar da bayani cewa ga dattijo mai ciwon ido yana bukatar ganin likita a Kano. Shigar wannan bayani shi ne zai tayar da sarƙar. Sai ta tura tambaya ga manhajar bincike, a nemo asibitocin da ke duba ido da ranakunsu. Daga nan ta leƙa littafin alkawarin asibitin da ya dace, ta ga gurbin da ba a cike ba, ta aiko da saƙon waya cewa ga rana kaza, an amince? Idan an amince ta kama gurbin, ana gobe tafiya ta tunatar, idan kuma likita ya ɗage rana ta aiko da labari kafin a biya kuɗin mota.

Wanda ya taɓa shiga Karar Wudil ranar Juma'a ya san wannan aiki ba baƙo ba ne. Dillali shi ne mai bincike, domin shi ya san wanda ya kawo bijimi da wanda yake neman bijimi. Shi ne kuma mai tsayar da magana, ya ce wa wannan ya jira a rumfa kaza, ya je ya kawo wancan. Abin da aka yi kawai shi ne an ɗauki aikin dillali da na ɗan aike an damƙa wa na'urar da ba ta gajiya, ba ta barci. A watan Mayu na 2018 kamfanin Google ya nuna wa duniya wata manhaja mai suna Duplex tana buga waya da murya irin ta mutum, tana kama wa mai ita wuri a shagon gyaran gashi da gidan abinci. A nan gida ma mun fara ɗanɗanawa. A watan Maris na 2021, da allurar rigakafin korona ta iso Nijeriya, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta buɗe rajista ta intanet inda mutum yake zaɓen wurin da za a yi masa da ranar da zai je. Haka nan mai neman fasfo yana cike takardunsa ta intanet, ya zaɓi ranar da za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa.

Wa ya fi bukata?

Sau da yawa idan aka kawo zancen irin wannan fasaha sai a ce ta mutanen birni ce, masu ofisoshi da sakatarori. Ni a ganina an juya maganar ne. Mutumin Gwale ko Fagge idan ya je asibiti aka ce ya dawo, asararsa kuɗin a-daidaita-sahu ne da rabin yini. Mutumin Utai ko Darki ko Lajawa kuwa asararsa kuɗin mota ne na mutum biyu zuwa da dawowa, da yini guda cur na aikin gona a lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa, ga wahalar zama a mota ga tsoho marar lafiya. Mafi muni shi ne abin da ke biyo baya. Wanda aka mayar sau ɗaya yakan daure ya koma, amma wanda aka mayar sau biyu yakan ce ya haƙura, ya koma ga mai maganin kasuwa, har idon da za a iya cetowa ya tafi. Duk wanda ya tuna cunkoson da aka yi a wuraren rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa bayan umarnin watan Disamba na 2020 na haɗa ta da layin waya, ya san yadda mutane suka riƙa kwana a bakin ƙofa domin kama layi. Mai nisan gida shi ne ya fi shan wuya a irin wannan, saboda haka shi ya fi cancantar a tsayar masa da rana tun kafin ya baro gida.

Lokacin Bahaushe

A nan ne gizo yake saƙar. Manhajar tsayar da rana ba ta san komai ba sai lamba: rana kaza ga wata kaza, ƙarfe kaza da minti kaza. Kawuna kuwa, da dubban irinsa, ba da lamba suke ƙulla alkawari ba, kuma wannan ba jahilci ba ne, tsari ne cikakke mai ƙa'idojinsa.

Mu fara da sassan yini. Bahaushe yana da asuba, da sassafe, da hantsi, da walaha, da tsakar rana, da azahar, da la'asar, da la'asar sakaliya, da magariba ko almuru, da lisha, da tsakar dare. Yawancin waɗannan suna tafiya ne da rana da lokutan salla, ba da agogo ba, rana kuwa ba ta tsaya wuri guda ba. A ƙasar Kano rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a watan Nuwamba, a watan Yuli kuwa sai kusan ƙarfe bakwai. Ke nan wanda ya koya wa na'ura cewa "bayan magariba" yana nufin ƙarfe shida da rabi ya yi daidai a wani watan, ya yi kuskure a wani. Dole sarƙar aikin ta san garin da ake magana da watan da ake ciki, sa'an nan ta lissafo. Haka kuma duk na'urar da ta tsayar wa mutumin Wudil ganawa ranar Juma'a da tsakar rana ta haɗa shi faɗa da masallaci da kasuwa a lokaci guda, kuma kowa ya san wanda zai yi nasara.

Sai kwanaki. Turanci yana da kalma ɗaya tak ga ranar da ke gaba, abin da ya wuce nan sai an yi dogon bayani. Hausa kuwa tana da gobe, da jibi, da gata, da citta, kowace da gurbinta. Tana da jiya da shekaranjiya. Tana da "rana ita yau", watau kwana bakwai masu zuwa. Tana kuma bambanta Talata mai zuwa da Talata ta sama. Wannan na ƙarshe har ni da kawu sai da muka yi gardama a kansa a cikin mota, ni ina cewa Talatar da ke tafe ake nufi, shi yana cewa a'a, ta bayanta. Shi ne da gaskiya. To, idan ɗalibin Hausa na jami'a zai yi tuntuɓe a nan, ina ga na'urar da aka yi wa tarbiyya da Turanci?

Akwai kuma wani babban tarko, shi ne na dare. A lissafin da muka gada, dare yana gaba da yininsa. Idan dattijo ya ce "daren Juma'a", abin da yake nufi shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis, wanda za a wayi gari Juma'a. Na'ura kuwa ranarta tana farawa ne daga ƙarfe goma sha biyun dare, don haka za ta rubuta daren da ke bayan yinin Juma'a, a sami saɓanin kwana guda cif. Matasa da yawa yanzu sun koma lissafin boko a wannan wuri, abin da ya sa kalma ɗaya take da ma'ana biyu gwargwadon bakin da ta fito. Maganin wannan ba shi ne na'ura ta yi hasashe ba, shi ne ta san cewa a nan wurin tambaya ne, ta ce: daren Alhamis wayewar Juma'a, ko daren Juma'a wayewar Asabar?

Daga nan sai watanni. Mutanenmu suna ƙulla manyan al'amura da watan Cika-ciki, da watan Takutaha, da watan Azumin Tsofaffi, da watan Azumi, da Ƙaramar Salla, da Babbar Salla. Shekarar wata tana kasa ta rana da kimanin kwana 11, kamawar wata kuma tana rataye ne ga ganinsa da sanarwar Sarkin Musulmi. Saboda haka wanda ya ce "bayan salla da kwana uku" ya faɗi rana sananniya a wurinsa, amma ba za a iya buga mata lamba tabbatacciya ba sai an ga wata. Na'urar kirki sai ta riƙe alkawarin a rataye, ranar da aka yi sanarwa ta tabbatar da shi ta aika wa ɓangarorin biyu. Wannan ba abu ne mai wuya ga masu tsara sarƙar aiki ba, domin shi ma "idan kaza ya faru, a yi kaza" ne. Wuyarsa ita ce sai an sami wanda ya san akwai matsalar ya gaya musu. Haka ma manomi da zai ce sai bayan noman farko, ko sai kaka idan an cire amfani.

Wani zai ce me zai hana mutanen su koyi agogo kawai a huta? Amsa ita ce sun daɗe da koya, harshen ma shaida ne. Sunayen ranakun mako daga Larabci muka aro su, haka lokaci da sa'a da daƙiƙa. Agogo daga Yarabanci ya zo mana, awa da minti da sakan kuwa daga Turanci. Hausa ba ta taɓa ƙin baƙon lissafi ba, ta dai ajiye shi ne gefe da gefe da nata. Kawu ya san ƙarfe goma sarai, amma idan yana son maganar ta zauna masa a rai sai ya mayar da ita hantsi. Abin da nake nema shi ne saƙon da zai iso masa ya zo da duka biyun: Talata ta sama, 14 ga wata, da hantsi, ƙarfe goma.

Sunan wuri da matsalar rubutu

Ɓangaren bincike shi ma yana da nasa ramukan. Akwai Sabon Gari a cikin mazaɓun Wudil, akwai shi a birnin Kano, akwai shi a Zariya. Tudun Wada kuwa akwai ta a Kaduna, da Zariya, ga kuma ƙaramar hukuma sukutum mai wannan suna a jihar Kano. Mutum idan aka aike shi Sabon Gari ya san wanda ake nufi daga inda yake tsaye da wanda ya aike shi. Na'ura kuwa takan ɗauko wanda aka fi yawan ambata a intanet, wanda aka fi ambata kuwa kullum na birni ne. Ga kuma rubutunmu na yau da kullum, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, yawancin masu waya kuma ba sa sa ƙugiya a baƙaƙe. Wanda ya rubuta "kara" yana iya nufin kasuwar shanu, ko karan dawa, ko kunya da mutunci, ko kuma ƙara da ake kaiwa gaban alƙali.

Ba a ce ba a yi komai ba. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, a 2024 kuma ya sanar da shigar da ita cikin harsunan da ake bincike da murya, wanda babban ci gaba ne ga wanda bai iya rubutun boko ba. Amma gane kalma daban, gane nufi daban. Fiye da haka, manhajar bincike ba ta ƙirƙirar labari, abin da aka zuba take kwasowa. Idan asibiti bai wallafa ranakunsa ba, ko ya wallafa tun bara bai gyara ba, na'ura za ta kawo tsohon labari da cikakkiyar natsuwa, ta kuma ɗora alkawari a kansa. Da irin wannan muguwar rawa gwamma ƙin tashi, domin a da mutum yana tafiya ne da shakka, yanzu zai tafi da tabbacin ƙarya. Sharaɗin farko ke nan a kan kowace ma'aikata: ta naɗa mutum guda sananne wanda aikinsa ne gyara littafin alkawari a ranar da aka yi sauyi.

Alkawari kaya ne

Akwai wani gefen da masana na'ura ba su cika kula da shi ba, mu kuwa da muke nazarin al'ada bai kamata ya wuce mu ba. Tsayar da rana a wurin Bahaushe ba cike gurbi ba ne kawai, ɗaukar nauyi ne. Shi ya sa ake cewa alkawari kaya ne, magana kuma zarar bunu ce. Idan na'ura ta nemo wuri ta kama da sunana ba tare da ta tambaye ni ba, wa ya yi alkawarin? Idan ban je ba, wa ya saɓa? Ɗan aike na gari yakan je ya jiwo, ya dawo ya faɗa, mai aike ya yanke. Wanda ya je ya yanke da kansa ya wuce gona da iri. Saboda haka ina ganin duk sarƙar da za a gina mana, lalle a bar gaɓa ɗaya a hannun mutum, watau gaɓar amincewa, ko da ta danna lamba ɗaya ce a ƙaramar waya, ko ta amsa "na yarda" da baki. Haka kuma wanda na'ura take magana da shi yana da haƙƙin ya san na'ura ce. Wannan shi ne sukar da aka yi wa Duplex a 2018, har kamfanin ya ce manhajar za ta riƙa bayyana kanta a farkon magana.

Abu na biyu shi ne 'yan kama-wuri. Abin da ke iya kama wa mutum ɗaya gurbi cikin daƙiƙa yana iya kama ɗari. A Ingila, bayan annobar korona ta 2020 ta jawo dogon jira ga masu neman gwajin tuƙin mota, an sami masu sakin irin waɗannan na'urori suna kwashe guraben da zarar an buɗe, gwajin da kuɗinsa fam 62 ne su sayar da shi ninkin ba ninki. Idan haka ta faru a can, ba sai an yi mana duba ba kafin mu san abin da zai faru a nan, inda tun a layin ƙafa ma akwai masu sayar da wuri. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Dole a ɗaure kowane gurbi da sunan mai shi, a kuma ware wani kaso na kowace rana ga wanda ya zo da ƙafarsa ba shi da waya, domin kada a rufe ƙofar da aka sani saboda an buɗe sabuwa.

Na uku shi ne sirri. Bayanin ciwon kawu da lambar wayarsa za su ratsa hannun kamfanoni biyu ko uku kafin su isa asibiti, wasunsu ma a ƙetare. Ciwon ido ba abin ɓoyo ba ne, amma akwai larurorin da mace ba ta son ko maƙwabciyarta ta ji. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, sai dai dokar da aka rubuta da Turanci, aka kuma nemi amincewar mutum da Turanci, ba ta kare wanda bai fahimci abin da ya amince da shi ba. Nan ma aikin mai fassara ne.

Amsa ga masu suka

Na san wasu 'yan'uwana ɗalibai za su ce duk wannan mafarki ne, tunda wuta ba ta zama, sabis yana yankewa, kuɗin data kuma ya yi tsada. Gaskiya ne, amma nauyin aikin ba a wayar kawu yake ba. Kwamfutar da ke ɗauke da sarƙar tana can wani wuri, abin da zai iso Utai gajeren saƙo ne ko kiran murya, irin wanda ƙaramar waya take karɓa tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001. Wanda bai iya karatu ba yana da ɗa ko jika ko mai shagon cajin waya da ke karanta masa, kamar yadda ake yi da saƙon banki.

Wasu kuma za su ce ai Bahaushe bai san darajar lokaci ba, ko an tsayar masa da rana ba zai zo a kan kari ba. Wannan magana ta daɗe tana yawo, kuma ban yarda da ita ba. Wa ya taɓa ganin an makara buɗa-baki? Wa ya je jana'iza bayan awa guda ya iske ana jiransa? Mai kai shanu Kara yana tashi tun duhu, ranar suna kuma ba ta gocewa daga zagayowar ranar haihuwa. Mutanenmu suna kiyaye lokacin da suka tabbata za a kiyaye musu. Inda suka koyi jinkiri shi ne inda aka ce su zo ƙarfe takwas, mai ofis ya zo ƙarfe goma sha ɗaya. Ina dai amincewa da abu guda: na'ura ba ta gyara hali. Telan da ya karɓi ɗinkin mutum talatin ana saura mako guda salla, alhali ya san goma zai iya, ko an sa masa littafin alkawari na zinariya sai ya saɓa. Abin da na'ura za ta yi shi ne ta rubuta wanda ya saɓa da ranar da ya saɓa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya rage gare mu

Magabata sun yi nasu. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Amma ƙamus yana ba da ma'anar kalma ne ga mutum mai hankali wanda zai cike sauran da kansa. Na'ura tana bukatar abin da ya fi haka filla-filla: walaha daga yaushe zuwa yaushe, a wane gari, a wane wata; "ta sama" a bakin Bakano da Basakkwace da Bakatsine da mutumin Maraɗi, ko ma'anarta ɗaya ce; wace magana ce alkawari tabbatacce, wace ce kuma kara kawai, irin "sai na shigo" da ba ta ɗaure kowa ba.

Shawarata ga sashenmu ita ce a mayar da wannan fagen bincike na kundin kammala digiri. Ɗalibi ya koma garinsu da rikoda, ya zauna da manoma da 'yan kasuwa da ungozomomi da direbobin tasha, ya tattaro yadda suke sa rana da bakinsu, a tsara shi a wallafa inda kowa zai iya ɗauka. Sa'an nan a nemi haɗin gwiwa da masu nazarin kwamfuta. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Su suna da sanin sarƙa, mu muna da sanin harshe, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. A fara da ƙaramin abu, kamar ɗakin shan magani guda da asibitin da yake tura wa marasa lafiya. Kai, ko a cikin sashen nan ma ana iya gwadawa, tsakanin ɗalibai da malaman da ke duba kundayensu, domin a ga inda kalmomin za su yi tuntuɓe kafin a kai su ga marasa lafiya.

Kammalawa

Mun koma asibitin a Talatar da kawu ya ce, bayan na roƙi wani abokina da ke birni ya je da ƙafarsa ana gobe ya tabbatar mana. An duba idon, an sa ranar aiki. Abokin nan nawa ya yi aikin bincike, ya yi na tsayar da rana, ya yi na tunatarwa, ya kuma faɗa wa kawu da harshen da yake ji. Ba kowane tsoho ne a Utai yake da ɗan'uwa mai aboki a birni ba. Idan har na'ura za ta tsaya a madadin wannan aboki, to sai ta iya abin da ya iya, kuma babu mai koya mata sai wanda ya san harshen ciki da bai. Idan muka yi shiru, wasu za su gina ta da lissafinsu, mu kuma mu zo daga baya muna ƙorafin an bar Hausa a baya, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina fata malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su dubi wannan magana, su gyara inda na yi kuskure, su kuma ɗora daga inda na tsaya.